Meso da Garin Cittata

"Sake ɗauka, Maman Eric," in ji Meso. "Ƙafarki ta fito a hoton."

Na duba wayar. Ai kuwa ga babban yatsana nan a gefen faranti, kusa da ledar garin citta. Ta ƙyalƙyale da dariya har sai da ta dafe ƙugu, don ranar ciwon a bayanta ya sauka. Tana kwance a kan katifa, ta kara gorar ruwan zafi a wurin, ni kuma ina durƙushe a bakin taga.

"Matso da farantin inda rana ke shigowa. Ki shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa. Mai saye a waya da ido yake fara ɗanɗanawa."

Mmesoma ne cikakken sunanta, amma duk gidan Meso muke ce mata. Iyayenta Ibo ne, ita kuwa haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar ta Bazazzagiya. Ta kama ɗakin da ke jikin nawa a gidan hayarmu na Samaru lokacin da take karatu a jami'a, ta gama kuma ta ƙi tashi. Tana da ciwon sikila. Ba ta iya aikin da za a ce sai ta fita kullum, don haka daga kan katifar nan take neman abincinta, tana tsara wa mutane tallar kayansu a intanet.

Ni a lokacin abubuwa sun tsaya mini cak. Makarantar kuɗin da nake koyarwa ta rufe, albashin maigidana kuma bai kai mu tsakiyar wata. Wana da ke noma a Kachia ya aiko mini da buhunan busasshiyar citta, ya ce abin da yake da shi ke nan. Na niƙa, na ƙulla a leda, na kasa a ƙofar gida. Sai malaman jami'a suka shiga dogon yajin aiki, ɗalibai suka watse, Samaru ta yi tsit. Har mai shayin bakin titi ya naɗe teburinsa. Wata rana Meso ta same ni zaune gaban tire ina kore ƙuda.

"Wa kike jira?" ta ce.

"Mai rabo."

"Mai rabonki yana Abuja, wani yana Legas. Suna sayen garin da aka gauraya da masara, suna kuka. Ba su san kina nan ba ne."

Daga ranar na zama ɗalibarta, duk da na ba ta shekaru kusan ashirin. Sharaɗinta ɗaya ne: ba za ta taɓa wayata ba. In na ce ta danna mini, sai ta maƙale hannu a hammata.

"Ran da nake asibiti fa? Sai kasuwa ta tashi?"

Ta nuna mini darussan kyauta a intanet, na yadda ake yanka farashi har da kuɗin niƙa da na mota, da na yadda ake liƙe leda kada iska ta shiga. Mukan kalla tare, tana tsayar da bidiyon tana cewa, "Wannan ki ɗauka. Wannan kuwa na masu lantarki ne, ba namu ba." Ta sa na raba kuɗin sana'a da na cefane. Ran da na shigo da murna wai na ga shafin da ke raba jari ga mata, sai dai a fara biyan kuɗin rajista, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wanda zai ba ki, ba zai fara miƙo miki hannu ba. Goge shi."

A hankali aka fara saye. Wata malamar asibiti a Kaduna, sai ƙawarta, sai ƙanwar ƙawarta. Sannan wata mai shago a Abuja, Madam Adeola, ta nemi kwali guda, ta ce in ya yi mata kyau duk wata za ta riƙa karɓa. Na kai tasha da kaina na ba direba. Ashe a saman mota aka ɗaure kwalin, ruwa ya dake shi a hanya. Garin ya dunƙule, wani har ya fara fumfuna.

Saƙon muryar da ta turo mini ban iya saurarensa har ƙarshe ba. Ta ce dama an gargaɗe ta da sayayya a waya. Na shiga ɗakin Meso da wayar. Na tarar idanunta sun yi ɗorawa, numfashinta sama-sama, amma ta ce in kunna mata.

"Zan toshe lambarta," na ce. "Laifin direba ne. Ni na yi ruwan?"

"Ita direba ta sani, ko ke?"

Ta nuna wayar da ke hannuna.

"Kira ta. Kada ki rubuta, ki kira. Ki bari ta gama faɗanta tas, sannan ki ba ta haƙuri, ki ce za ki sake aika wani."

"Meso, da me? Sauran buhu ɗaya gare ni."

"Na sani." Ta lumshe ido na ɗan lokaci, ciwon ya murɗa ya saki. "Buhu yana dawowa, Maman Eric. Suna ne ba ya dawowa da sauƙi."

A gabanta na kira. Na sha faɗa, na ba da haƙuri. Washegari na niƙa buhun ƙarshe, na liƙe kowace leda sau biyu, na naɗe kwalin da babbar leda, na tsaya a tasha har sai da na ga an sa shi a cikin mota ƙarƙashin kujera.

Da na dawo gida na tarar da ɗakinta a buɗe, takalminta ɗaya a tsakar gida. Matar mai gida ta ce mini wanta, Iyke, ya zo ya ɗauke ta zuwa asibiti, ciwon ya hau ƙirji.

Na je duba ta ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. An sa mata robar iska a hanci, jini na shiga ta hannu. Mahaifiyarta, Madam Oby, mai sayar da kayan yara a kasuwar Sabon Gari, tana zaune a gefe da carbi, tana mata fifita da kwali. Meso ta ga ni, ta ɗaga gira.

"Adeola fa?"

"Ki ji da kanki tukuna."

"Ina ji. Adeola fa?"

Na kara mata wayar a kunne. Muryar Madam Adeola ta fito tana cewa kaya sun iso lafiya, ƙamshin ya cika mata shago, ba ta taɓa zaton zan cika alkawari ba, in shirya mata na wata mai zuwa. Meso ta yi murmushi, leɓunanta a bushe.

"Ki roƙe ta ta rubuta wannan maganar, ki sa a shafinki," ta ce a hankali. "Ki nemi izininta fa."

"To, malama."

Madam Oby ta dube ni, ta dubi 'yarta. "Ko a nan ma waya?" ta ce. "Yarinyar nan, wayar nan ce ba ta barin ki hutawa."

Meso ta kamo hannun uwar ta ɗora a kumatunta. Da zan tafi na ce zan kawo mata farfesun kaza ranar Laraba. Ta ce in zuba yaji sosai, kada in yi mata irin na marasa lafiya.

Ranar Talata ina wajen mai injin niƙa Iyke ya kira ni. Ƙarar inji ta hana ni ji, sai da na fita bakin titi na toshe ɗaya kunnen.

"Anti, Meso ta tafi," ya ce. "Da safen nan."

Na zauna a kan dakalin wani shago. Mai injin ya leƙo, ya ga fuskata, ya koma ya kashe injinsa.

A gidansu na Dogarawa aka yi zaman makoki. Na je ina zaton ni kaɗai ce baƙuwa a cikin dangi. Sai ga wani mai ɗinkin takalma daga Bomo, ga wata Hajiya mai turaren wuta, ga wasu 'yan mata biyu masu yin cincin. Muka zauna a benci ɗaya ba wanda ya san wani. Hajiyar ce ta fara tambayata, "Ke ma ta hana ki ba ta wayarki?" Muka yi dariya da hawaye a fuska, har dangi suka waigo.

Bayan jana'iza Madam Oby ta zo Samaru kwashe kaya, ta bar mai Keke Napep yana jira a waje. Na taya ta ninke tufafi muna zubawa a jaka. Da muka yaye zanen gado sai ta zauna a kan katifar, ta daɗe tana kallon bango.

"Maman Eric," ta ce, "faɗa mini gaskiya. Me take yi a ɗakin nan duk yini? Ni na ɗauka wasa take da waya. Na sha yi mata faɗa ta dawo gida."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, na faɗa mata. Na fara tun daga ranar tire da ƙuda. Na gaya mata cewa kuɗin makarantar Eric na zangon nan daga citta ya fito, kuma wana ya ce zai ƙara gona saboda ni. Na ba ta labarin mai takalma da Hajiya. Tana ji tana gyaɗa kai, wani wurin ta ce, "Haka take, taurin kai kamar ubanta." Can ta kishingiɗa, ta ce in ci gaba, tana ji.

Ban kai ƙarshe ba na ji numfashinta ya sauya. Dama Iyke ya faɗa mini tun rasuwar ba ta runtsa ba. Na lallaɓa na fita, na ce wa mai Keke ya je ya dawo da la'asar. Yaran gidan da ke ƙwallo a tsakar gida na yi musu nuni su koma waje. Sannan na janyo ƙofar na bar ta a ɗan buɗe don iska, na ɗauko kujerata 'yar tsugunno na zauna a bakin ɗakin.