Saƙo daga Abban Suhaib

Muhibbat tana ƙulla wa wata mata maganin tari a leda wayarta ta yi ƙara a kan kanta. Ta leƙa da gefen ido. Ledar ta suɓuce, kwalbar ta gangara ƙarƙashin benci.

Imel ne. A wurin sunan mai aikowa an rubuta: Abban Suhaib.

Haka take kiran mijinta Sagiru, da sunan ɗansu na fari. Sagiru kuwa tun kafin azumi aka kai shi makwancinsa. Ba ta daɗe da fita takaba ta koma kemis ɗinta na Gyaɗi-Gyaɗi ba.

Da ƙyar yatsanta ya buɗe saƙon. "Har yanzu ba ki zo ba. Ana jiranki."

"Hajiya, lafiya?" in ji matar. Muhibbat ba ta ma ji ta ba. Salati take ta maimaitawa. Ta kira yayarta Jamila ta faɗa mata.

"'Yan damfara ne," in ji Jamila. "Kada ki taɓa komai, goge shi."

"Yaya, wane ɗan damfara ne ya san ina ce masa Abban Suhaib? Ko a takardun aikinsa babu wannan sunan."

Muhibbat ta katse kiran.

Ta kulle shagon da rana tsaka. A ƙasan saƙon akwai tambarin makarantar kuɗin da Sagiru ya yi wa aikin rajistar ɗalibai a Tarauni, sai ta tari adaidaita ta nufi can. Duk hanya wayar na cikin jaka, ta danne ta da hannu biyu. Tana ta tuna maƙwabciyarsu da kanta ya taɓu bayan rasuwar ɗanta. Idan ita ma hakan ce ta fara, wa zai riƙe mata yara?

A ofishin, wani mutum mai furfura ne zaune a kujerar Sagiru. Ya ce sunansa Malam Lawan. Wayar kawai ta miƙa masa.

Ya karanta, ya dafe kai. "Innalillahi! Hajiya, ni na turo. Kayan marigayi ne a durowa, an ce an sanar da ke tun tuni, shi ya sa na taƙaita. Ki yafe ni."

"To sunan fa?"

"Adireshin na ofis ne, duk wanda ya hau kujerar nan da shi yake aiki. Ke kika ajiye shi a wayarki da wannan sunan. Manhajar ba ta duba wanda ya rubuto, sunan da kika sa take nunawa. Bari ki gani."

Ya mayar mata da wayar, ya danna kwamfutarsa. Wayar ta yi ƙara a hannunta. Abban Suhaib: "Gwaji."

A gabanta aka yi, ta kuma gane. Duk da haka sai da ta zauna a kujerar baƙi.

Malam Lawan ya jawo durowa ya fito da hula zanna, da tabarau, da silifas ɗin alwala. Ya zuba su a leda a hankali, ya ajiye a gabanta.

"Kawo in canza miki sunan, kada a sake firgita ki."

Ta miƙa hannu da wayar, sai kuma ta janye. Ta daɗe tana kallon fuskar wayar.

"A'a, Malam. Bar shi yadda yake." Ta ɗauki ledar ta rungume. "Kai dai kada ka sake rubuto min ta nan. In da magana, ga lambata, ka kira."