Jakar da Ba Ta Son Ruwa

Ɗiyata ta fari gwanjo take sayarwa a Birnin Kebbi. Aure ya kai ta unguwar Badariya, ni kuwa ina nan Argungu inda aka haife ni, ina bandar kifi a bayan ɗaki kamar yadda na iske uwata tana yi. A lokacin sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka tashi muka gani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, in an kawo zancensa sai ta sunkuyar da kai ta kama wani aiki. Tana ƙarama "ke" nake ce mata. Da ta yi aure na koma cewa 'yar Badariya, kuma kowa a gida ya san wadda nake nufi.

Allah ya ba ta ido. In an kwance dilar gwanjo mata suna wawaso a sama, ita sai ta tsaya gefe ta bari su gaji, sannan ta zura hannu can ƙasa ta zaro abin da kowa ya tsallake. Ta wanke, ta goge, ta ɗauki hoto ta ɗora a waya. Matan ma'aikata daga unguwar Nasarawa har gida suke biyo ta. In za ta zo ganina kuwa da buhu take zuwa, ta zazzage a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, maƙwabta su taru ana ɗagawa ana gwadawa. Ni ina gefe ina gyaran kifi, na ba su rabin baya, amma ina ganin komai ta wutsiyar ido.

Ana gab da bikin ƙanenta Faruk ta zo da wani baƙin abu mai talewa kamar roba, an jera masa ƙananan ƙugiyoyi daga sama har ƙasa. Ta ajiye shi kusa da ƙafata.

"Inna, ga naki."

"Mi za ni yi da wandon yara?"

"Ba wando ba ne. Rigar matse ciki ce. Ita matan birni ke sawa ƙarƙashin leshi, ki gan su kamar an fere."

"Cikin da ya ɗauke ku ku shida shi za a matse? Mi ya yi muku?"

Ƙanwarta Sadatu ta yi dariya har da riƙe bango. Sai da suka sa ni gaba na yarda. Tun da ba zan tuɓe gaban 'yar fari ba, Sadatu ce ta shiga ɗaki da ni, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa tana ba da umarni ta bayan labule.

"Sadatu, ki ce ta ja numfashi ta riƙe."

"Ta ja, Yaya, ƙugiyar ta ƙi kamawa."

"Ta ƙara ja. Wadda ke ɗaga kwandon giwan ruwa ita kaɗai?"

Ranar bikin na zauna a miƙe kamar na haɗiyi taɓarya. Aka kawo shinkafa, loma biyu na yi na ji babu wurin ta uku. Mata suna ta cewa Uwa, haka suke kirana, ta koma yarinya, ni kuwa ina lissafin yadda zan kai bayan gida in kwance kaina. Daga baya na gane rigar tana riƙe mini baya in na daɗe tsugune gaban banda, sai ta zama ta aiki. Da ɗiyata ta ji, ta ce ni kaɗai ce a duniya nake matse ciki don kifi su gani.

A wannan bikin na fara ganin wata jaka a hannunta. Ruwan ƙasa ce, irin launin gulbi in damina ta yi nisa, da ɗan makulli mai ruwan zinariya da wasu haruffa a jikinsa. A ƙasan dilar takalma ta tsince ta, a lanƙwashe, ƙura ta rufe ta. Wata mai sayen kayanta ta duba a waya ta ce ta gaske ce, ta wani babban gidan ɗinki na ƙasar Turawa, irin wadda matan manya ke riƙewa, ta yi ta roƙo a sayar mata. Ɗiyata ta ƙi. Yarinyar da in kin yaba ɗankwalin kanta za ta cire ta yi miki ciniki, amma wannan ta ce ta shigo gida ke nan. A tsohuwar rigar matashi take ajiye ta. Wata rana kwalbar humra ta zube a ciki, tun daga nan in ta buɗe ta ƙamshi ke riga hannunta fitowa.

Na tuna wani zuwa da ta yi, hadari ya tare ta tsakanin tasha da gida. Ta shigo sharkaf, ruwa na ɗiga daga haɓarta, ta cusa jakar cikin hijabi ta rungume kamar jinjiri.

"Ke kin jiƙe, jikka ta tsira," na ce.

"Ni in na jiƙe ina bushewa, Inna. Wagga fata ce ta gaske, ba ta son ruwa. In ya taɓa ta ya bar tabo ke nan."

Ban taɓa riƙe jakar hannu ba. Abin da nake da shi a bakin zani nake ƙullewa. Amma wannan ta shiga raina, ban san dalili ba. Ran nan ta zagaya wanka ta bar ta a kan gadona, na shafa ta da bayan hannu, don yatsuna warin hayaƙi suke yi. Laushinta kamar kuncin yaro. Ina ɗagowa na gan ta tsaye bakin ƙofa da bokiti.

"Inna, kina son ta."

"Mi mai bandar kifi za ta yi da jikka?"

"Ki kira sunana so guda, in ba ki ita. Riskuwa. Ba shi da nauyi. Ke fa kika yarda anka sa mini shi."

"Ke, ba ki da kunya. Tashi ki ba ni wuri."

"Ko a hankali ne, cikin kunne. Ba mai ji."

Na ɗauki muciya, ta fita da gudu tana dariya. Daga ranar ya zama abin tsokanarta. Duk zuwa, in za ta tafi, sai ta ɗaga jakar ta girgiza mini ita a bakin zaure ta ce, "Inna, har yanzu ciniki na nan." Ni kuma in ce Allah shi shirye ki, ki gaida Sirajo. Sirajo shi ne mijinta.

Damina ce ta tafi da ita. Ciwon ciki ne ya fara, ta ɗauka na yau da gobe ne, ta yi ta fita kasuwa da shi. Da ya kayar da ita aka kai ta asibiti. Sirajo ya kira Faruk da safe ya ce mu taho. Muna cikin mota, mun kai wajen Ambursa, shinkafa ta yi kore shar dama da hagu, wayar Faruk ta sake ƙara. Ya saurara, ya ce innalillahi, ya kifa wayar a cinyarsa. Bai dube ni ba, ni ma ban tambaye shi ba. Na ci gaba da kallon shinkafar har muka shiga Birni.

Ban yi kuka ba. Na zauna a tabarma ina amsa gaisuwa, mata suna shigowa suna cewa Uwa akwai haƙuri, Uwa akwai kara, haka ake son uwar 'yar fari. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, biyun da ta haifa duk sun riga ta. Babu wani ƙaramin da zan ɗora a cinya in ce ga idonta, ga hancinta.

Bayan sadakar bakwai Sadatu ta koma Augie don ɗanta ba lafiya, ni na tsaya a gama da kaya. Sirajo ya shigo ɗakin ya durƙusa nesa da ni. Ɗakin cike yake da danginsa mata. An fito da kayanta an tara a kan gado, jakar tana can sama, cikin rigar matashinta, hannunta ya leƙo.

"Inna," ya ce, "mun yi shawara da su Faruk, kayan kasuwa a raba yadda addini ya ce. Na sawarta kuwa, in kin yarda, a ba da su sadaka ladan shi kai mata. Amma ki fara ɗaukar abin da kike so."

Duk suka juyo suna kallona. Na san abin da nake so, ina ganinsa. Na kuma san abin da uwata za ta ce da ita ce zaune a wurin, da abin da kakata za ta ce.

"Na yarda. Ba ni son komi," na ce. "Allah shi jiƙan ta."

"Haka ake," in ji wata daga cikinsu. Sauran suka gyaɗa kai.

Gwaggon Sirajo, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Tamba, ita ce kan aikin. Ta ce a gidansu ba a ba da kayan mamaci sai an wanke, kada a kai wa mutane zufar wanda ya tafi. Aka jera robobi a tsakar gida, aka kaɗa omo har kumfa ta yi tozo. Riguna suka shiga, mayafai suka shiga, takalma ma aka sa musu soso. Ina zaune a dokin ƙofa ina kallon kayan ɗiyata suna fitowa daga ruwa ɗaya bayan ɗaya, ana shanyawa a igiya, duk sun koma ƙamshin omo.

"Wagga yarinya da tarin tsumma," Gwaggo Tamba ke cewa tana cuɗa. "Ta tufatar da rabin Badariya, ga shi za ta tufatar da sauran rabin."

"Gwaggo, ki ajiye mini koren mayafin nan," in ji wata daga cikin matan.

"Ke matalauciya ce? Mijinki na da injin casa. Matsa."

Sai ta miƙa hannu ta jawo rigar matashin. Ta zare jakar, ta buɗe, ta zazzage a faifai: kwalli, tazbaha, ɗan madubi, kwalbar humra da ta kusa ƙarewa. Ƙamshin ya taso ya iso har inda nake. Tun ranar da muka wuce Ambursa ban ji abin da ya kai ni kusa da ita kamar wannan ba. Tsohuwar ta juya jakar, ta ce matar liman za ta ji daɗinta, ta nufi roba da ita.

"Gwaggo, a bar wannan," na ce. Muryata ba ta fita sosai ba.

"Mi kika ce?"

"Ba ta son ruwa."

"Wa ke ƙin ruwa? Mai ita ma an yi mata wanka." Ba da mugunta ta faɗa ba, hannunta bai ma tsaya ba. "Kayan ga na sadaka ne yanzu, Uwa, ba su da mai su."

Gindin jakar ya taɓa kumfa. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Tana da mai ita. Ta Riskuwa ce. Riskuwa ta ce in na kira sunanta tawa ce."

Matan suka dakata da wanki. Ni ma na ji sunan a kunnena kamar wata ce ta faɗa. Ashe da gaske ba shi da nauyi. Na sake faɗa, ban yi niyya ba, na kuma sake, daga nan kukan da na riƙe tun cikin mota ya ƙwace. Na ji wata tana raɗa cewa 'yar fari ce fa. Gwaggo Tamba ta ce mata, "Rufe mana baki." Ta ɗago jakar da sauri, ta goge ta da gefen zaninta, ta mayar da kwallin da tazbahar da sauran a ciki, ta taso da kanta ta ɗora mini a hannu.

"Ungo, ɗiyata. Da kin faɗa tun ɗazu."

A inuwa na shanya ta, kamar yadda na taɓa jin Riskuwa tana gaya wa wata. Duk da haka ruwan ya bar tabo. Wani layi ne mai duhu ya zagaye gindinta, irin wanda gulbi ke bari a jikin gaɓa in ya janye. Na rungumo ta cikin hijabi har Argungu.

Tana nan cikin rigar matashinta, a ƙasan akwatina, a ɗakin da hayaƙin banda ba ya kaiwa. Ban taɓa fita da ita ba. Sadatu ta yi ta fama in riƙe ta zuwa sunan ɗan Faruk, na ce ina ni ina jakar matan manya. Rigar matse cikin dai kullum tana jikina in zan tsuguna gaban wuta, ƙugiya biyu sun ɓalle, na ɗinke wurin da zare.

Ranar Juma'a in na yi wanka, kafin in taɓa kifi, nakan fito da jakar in buɗe ta kaɗan, in sa hanci, in yi maza in rufe. Nakan kira sunan a lokacin. Ƙamshin ya fara raguwa. Sadatu ta ce ta san matar da ke haɗa wa Riskuwa humra a Nasarawa, za ta samo mini irinta in zuba a ciki. Na ce a'a, a bar ta haka.