Matakalar da Ba Abin Dafawa

"Ku cire a hankali, kada ku ƙwarzane bangon," in ji matar ofishin kula da gine-ginen tarihi. Nicanor kafinta yana kwance sandar dafawar da ya kafa wa matakala kwana tara da suka wuce. Ni kuwa ina riƙe da Doña Eduviges, maƙwabciyata ta shekara talatin, don ƙafafunta sun daina ɗaukarta.

Wani mashahurin mai zanen gidaje ne ya zana wa mijinta gidan. Bango ruwan hoda, taga mai gilashi rawaya, sai matakalar katako da ke fitowa daga jikin bango, ba abin dafawa ko ɗaya. Ɗalibai kan zo unguwarmu ta Tacubaya daga ƙasashe su tsaya gabanta shiru kamar a coci. Ni dai tun ganin farko na ce wanda ya zana wannan bai yi niyyar tsufa ba.

Ɗakinta yana sama. Can mijinta ya cika, can take son ta cika, inda rana ke ratsa gilashin da hantsi ta kwanta a kan gado. Iyakar abin da ta roƙa ke nan. Takarda uku muka rubuta wa ofishin muna neman izinin sa abin dafawa, amsa ɗaya: ko ƙusa ba a bugawa.

"Yarinya," Doña Eduviges ta ce wa matar ofishin, "mai zanen nan a teburina ya sha cakulan. Da yana raye ko igiya ce da ya ɗaura mini."

Matar ta sunkuyar da kai, wai ba daga ita ba ne. Na sani, amma wallahi ji na yi kamar in watsa mata ruwan wanke-wanke.

Nicanor ya gwada goya ta. Shi ma ya haura saba'in, a taki na huɗu ƙafarsa ta ɗauki rawa, ya miƙa hannu bai sami komai ba, suka sauko da baya. Muka kafa mata gado a ƙasa, kusa da kicin.

Kullum da hantsi sai ta ce, "Chayo, rana ta kai gadon?" Sai in hau da rarrafe, in leƙa, in sauko in ce ta kai. Ba zan ɓoye ba, na gaji, gwiwoyina ma ba na yarinya ba ne. Wata rana na tsaya a ƙasa na ɗan jima, na dawo na ce ta kai.

"Ban ji ƙarar katako ba," ta ce. Ban sake yi mata haka ba.

Ranar Laraba na hau kamar kullum. Hasken ya rufe gadon har matashi, na ɗan tsaya ina kallo don in ba ta labari da kyau. Da na sauko na fara magana, na kai rabi kafin na gane ba mai ji.

Sati biyu da binne ta ofis ya turo masu fenti. A jikin bangon, daga takin farko har na ƙarshe, akwai dogon layi dishi-dishi da tafinta ya bari cikin shekara hamsin na hawa da sauka. Suna dama fenti a tsakar gida na ce su ɗan dakata, zan kwaso kayan gado.

Na ɗora tafina a kan layin na fara hawa.