Dokar Shela

Ledar ƙarin ruwa ta uku ce rataye a ƙusar da Malam Haladu ya saba rataye hularsa. Ruwan yana ɗiga a hankali zuwa hannun matarsa Rabi'atu, wadda amai da gudawa na kwana biyu suka jefa idanunta can ciki. Wani mai kemis ne daga Danja ya kawo ledojin cikin buhun taki don kada a gane, ya ɗaura, ya fice ta ƙofar baya.

"Baba, riƙe mini," in ji 'yarsu Fiddausi. Ta miƙa masa wayarta, ta ɗauki robar aman za ta fitar. "Kada ka taɓa komai, garina yana jiran hukunci."

Ya duba. Wani ɗan gari ne a fuskar wayar, da ganuwa da kasuwa, mutane ƙanana kamar tururuwa suna kai da kawowa, waɗansu kuma kwance a bakin hanya. Daga gefe ga hotunan kwaɗon ƙofa a jere, duk a kulle, da rubutun Turanci a jikinsu. Turancinsa na firamare ne, bai kai nan ba.

"Wane gari ne wannan?" ya tambaye ta da ta dawo tana wanke hannu da sabulu.

"Wasa ne. Annoba ta shiga, ni ce mai garin."

"Ke? Wa ya naɗa ki?"

"Mansur ne ya sa mini a wayar."

Mansur shi ne wanda za a ɗaura musu aure nan da kwana goma sha biyu. Malam Haladu ya dubi 'yarsa. Bai san ko faɗa ya kamata ya yi ba, uwa tana kwance 'ya tana wasa. Amma kuma kwana biyu ita ke ɗauke da jinyar nan ita kaɗai.

Ta zauna gefensa tana nuna masa. Kowane kwaɗo doka ce. Wannan ta tafasa ruwa ce, wannan ta rufe rijiyoyi, wancan ta kafa rumfar jinya.

"To buɗe ta rumfar mana. Ba kya ganin mutane a ƙasa?"

"Ba ta buɗuwa sai an buɗe ta saman."

"Ta saman ta mece ce?"

"Shela. A tura mai shela ya gaya wa gari akwai cuta."

"In an yi fa?"

"Kasuwa ta watse, waɗansu su gudu, a yi ta zagina. Wannan koren layin, yardar jama'a ke nan, sai ya faɗi."

"In ba a yi ba?"

"Koren yana nan a cike. Mutanen ne ke raguwa."

Ya matso da wayar kusa da idonsa. "Ba a iya cewa mai shelar ya gaya wa mutum biyu kawai? Masu riƙe magana?"

"Babu wannan a ciki, Baba." Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. "Sau huɗu ina sake wasan daga farko, ina gwada irin hanyarka. Duk sau huɗun garin ya ƙare."

* * *

Ya fito tsakar gida da wayar a hannu, ya zauna a kan turmi. Rijiyar tana gabansa, an rufe ta da tsohon kwanon rufi. Ita kaɗai ce mai bakin siminti a unguwar, gida bakwai ke sha daga cikinta. Ruwan saman ranar Juma'a ne ya rusa gefen salga, kwata ta gangaro ta nan. Fiddausi ta ce daga nan cutar take, tun jiya ma tafasa nasu take yi. Shi dai ruwan fari tas yake ganinsa. Duk da haka ya ɓoye guga a rumbu, duk wanda ya zo sai ya ce ya tsinke ya faɗa ciki.

Bara da damina gidan Sama'ila ne suka kai wa hukuma rahoton irin wannan cuta. Ma'aikata suka zo da fararen kaya da abin feshi, yara na biye da su. Mutanen gidan sun warke, sunan ne bai warke ba. Har yau in baƙo ya nemi kwatance sai a ce ya sha kwana daga gidan kwalara. Surukan 'yar Sama'ila suka aiko a ba su akwatunansu. Akwatunan Fiddausi kuwa suna can ɗakin uwarta, a ƙarƙashin ledar ruwan.

Ashe ba don ita yake yi ba? To me ya sa ita ce ke masa kallon mai laifi?

Ya waiga, ba kowa. Ya sa yatsa ya danna kwaɗon rijiya. Wayar ta yi ɗan kaɗawa, kwaɗon bai motsa ba. Ya danna na tafasa ruwa, ya danna na rumfa, ya ƙara ƙarfi kamar ƙarfi ne ya yi kaɗan. Wani ɗan mutum ɗauke da bokiti ya tsaya a tsakiyar kasuwar, ya durƙusa, ya kwanta. Sauran suka bi ta gefensa suka wuce. Wane irin mutum ne zai zauna ya ƙera abin nan ya kira shi wasa? Kuma a ina ya san da rijiya? Koren layin dai yana nan a cike.

* * *

Bayan la'asar aka yi sallama. Inna Marka ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, mai riƙon jikoki uku. Ta shigo da tulu a kai.

"Malam, ina Rabi? Kwana biyu ban ji dakanta ba."

"Zazzaɓi ne, Inna. Da sauƙi." Ya miƙe ya tsaya tsakaninta da rijiyar. "Gugan dai har yanzu ba a ciro ba."

"Ai na ji. Kai ma da sakaci kake, gemu har ya fara fari ba ka iya ƙulla igiya ba." Ta sauke tulun, ta zaro wani baƙin guga na roba daga cikinsa. "Shi ya sa na zo da nawa."

Ta kewaye shi, ta janye kwanon. Fiddausi ta ɗaga labulen ɗakin uwarta ta tsaya. Shi take kallo.

"Inna Marka," in ji shi.

"Na'am?"

Ya ji tarin Rabi'atu daga ɗaki, ya tuna fararen kayan nan da yaran da ke bin su.

"Ya jikokin?"

"Lafiya lau. Mahadi ne dai tun safe cikinsa ke ƙugi, na ce bari in samo masa ruwa mai kyau."

Igiyar ta yi ta zarewa daga hannunta. Can ƙasa gugan ya bugi ruwa. Malam Haladu ya dubi wayar, babban yatsansa a saman kwaɗon farko, na shela, bai taɓa shi ba, har hasken ya dusashe ya ɗauke, ya bar shi yana kallon fuskarsa a baƙin gilashi.