Sunan da Rebecca Ta Bari

A makon da sojoji suka miƙa mulki, duk unguwar Makera ta cika da hayaniyar rediyo, amma Ishaya bai san wainar da ake toyawa ba. Matarsa Rebecca ta rasu wajen haihuwa. Ungozoma ta faɗa masa cewa kafin ranta ya fita, ta ce a sa wa yaron suna Benoni.

Ishaya ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, irin mazan nan da ke zama a bencin baya a coci, wa'azi na farawa su hau gyangyaɗi. Bai taɓa jin sunan ba, sai ya je ya tambayi Fasto Nicholas.

"Ibrananci ne," in ji Fasto. "Ma'anarsa ɗan baƙin cikina. A littafinmu mai tsarki, Rahila ce ta sa wa ɗanta tana bakin mutuwa. Mijinta Yakubu kuwa ya canza, ya ce Biliyaminu, wato ɗan hannun dama. Shawara ta rage gare ka."

Tun daga ranar zama ya gagari Ishaya. Ya shiga ɗaki, ya fito bakin titi, ya koma. A masaƙa zare ya tsinke yana tsaye yana kallo. In ya sa Benoni, duk kiran da aka yi wa yaron an tuna masa mutuwar uwarsa ke nan. In ya canza, ya taka maganar Rebecca ta ƙarshe, matar da ko kan gishirin miya bai taɓa yi wa gardama ba. Tsoro yake ji ƙwarai, ta kowane ɓangare.

Ranar Lahadin da za a kai yaro coci, surukarsa Jummai tana ɗaura zanen ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci, ta tambaye shi, "Me za ka ce in Fasto ya nemi suna?"

"Abin da ta ce, Mama."

Jummai ta ja tsaki. "Kai dai barci ke kai ka coci. Rebecca ta koya mana labarin nan a Zumunta har na haddace shi. Kana tsammani ba ta san ƙarshensa ba? Nata ta faɗa, na mace mai naƙuda. Ta san akwai uba a labarin."

Suka kama hanyar coci. A bakin ƙofa Ishaya ya karɓi jaririn, ya sunkuya ya kira shi Benoni a kunne, sau ɗaya, don Rebecca ta samu nata. Sannan ya wuce bencin baya, ya tafi har gaba.

"Sunan yaro?" Fasto ya tambaya.

"Biliyaminu," in ji Ishaya, sai kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza ya ƙwace masa.