Ruwan Mashayar Tsamiya

Fannami ya kawar da kai, ruwan ya zubo ta gefen bakinsa ya jiƙa matashi.

"Ɗauke ledar nan, Zulfa. Roba nake ji."

"Baba, shi ne mai tsabta. Likita ma cewa ya yi kaɗan-kaɗan, kuma na leda."

"Likitan da ya ce ki mayar da ni gida?"

Zulfa ta ajiye ledar. Sati uku ke nan da ta baro gidan mijinta a Malam Madori ta zo jinyar mahaifinta, ciwon ƙoda ya kumbura masa ƙafafu har fatar tana sheƙi. A layin nan kaɗai shi ne na huɗu. Wasu su ce ruwan burtsatse ne, wasu su ce maganin feshin gona ne, babu dai wanda ya tsaya ya faɗa wa mutane gaskiyar abin. Ta juya ta dubi Gwadabe, maƙwabcinsu na katanga ɗaya tun kafin a haife ta, ko zai sa baki.

Gwadabe na zaune a bakin ƙofa yana fifita da yagaggen kwali. Ɗakin kamar an rufe mutum a tanda. Kwanon sama yana ta ƙas-ƙas don zafin bazara, fanka a rataye kwana tara ba ta motsa ba, tagar da a da take shigo da iskar fadama kuwa wani baƙo ya sayi filin baya ya ɗora bene a jikinta. In ka leƙa, bulo za ka gani, ko yaɓe babu.

"To me kake so, Babarbare?" in ji Gwadabe. "A kawo maka Tafkin Chadi a kwano?"

"Ruwan Mashayar Tsamiya," in ji Fannami, idonsa a rufe. "Kurɓi ɗaya. Mai sanyin nan da ɗanɗanon laka. Shekara talatin ina shanya kifi a gindin tsamiyar nan, ban taɓa ciwon kai ba."

"Baba, ruwan kogi fa? Da wannan ciwon?"

"Me ya rage da zai ɓata, 'yar nan?"

Gwadabe ya ajiye kwalin. To, an zo wurin. Wa za a yi wa zancen Mashayar Tsamiya in ba shi ba? Shi ne fa Gwadabe mai fito, wanda ya haye da amare da awaki da buhunan gero tun ana fito da gora, kafin ma ya mallaki kwalekwale. Shekarar fari ya ci ganye ya rayu. Shekarar amai da gudawa ya binne 'yan ɗakinsu uku shi ko gezau. Kububuwa ta sare shi, ita ta mutu. Da ruwa ya ci bakin gari, a wuyansa ya fitar da tsofaffi bakwai. Ko bakin allo bai taɓa riƙewa da kyau ba, balle boko, amma kogin nan ya san shi kamar tafin hannunsa.

"Ba ni jarka," ya ce da Zulfa. "Kafin azahar ya sha ya ƙoshi."

Fannami ya buɗe ido ɗaya. "Rabonka da kogi tun kafin gwiwarka ta mutu. Shekara nawa kana zaune kan dakali kana kasa goro? Ka tari Napep."

"Ni? In hau keken yara zuwa kogi, a Haɗeja? Ka ɗaure mini ido da rawani ka gani."

Ya karɓi 'yar jarka ruwan ɗorawa, ya saɓa sandarsa, ya fita da hantsi.

Har ƙarshen tsohuwar unguwa ƙafa ce take tafiya da kanta. Daga nan abu ya soma canzawa. Akwai wata kuka da ake karya kwana a gindinta a yi dama. Ya zo bai ga kuka ba, sai shagon cajin waya da janareta yana ta hayaƙi. Ya ƙiyasta da ido ya yi dama. Inda ya san gonar gero, gidaje ne jere, kowanne da ƙyauren ƙarfe a garƙame da fasassun kwalabe a kan katanga. Babu zaure ko ɗaya da mutum zai yi sallama a ba shi ruwa a moɗa. Babu bishiya. Wanda duk ya sayi fili, gatari yake fara sayowa. Ya bi wani lungu, kwata tana gudu a tsakiyarsa baƙa wuluk, ya tafi ya tafi sai ga bango ya tare shi. Ya dawo ya bi wani, shi ma bango. A na uku mai babur ya kusa kwashe masa sanda, ko waiwayowa bai yi ba.

A bakin wata burtsatse mata sun yi layi da jarkoki, rana tana dukansu, ana jiran a tayar da inji. Wani magidanci da ke tura kurar ruwa ya ga tsoho ya wuce sau biyu, ya ce, "Baba, ina za ka ne? In nuna maka."

"Inda nake zuwa tun ba a yi wa ubanka kaciya ba," in ji Gwadabe, ya wuce.

Sai bayan azahar ƙafarsa ta ji wata gangara da ta sani. Ya bi ta a hankali. Gangarar ta kai shi gidan bulo: yashi tuli-tuli, buhunan siminti, bulo a shanye sahu-sahu, wani ƙato ba riga yana yi musu ban ruwa da tiyo. A gefe ga wani kututture mai faɗin faifai biyar, an ɗora masa bokiti da takalma. Gwadabe ya shafa ɓawon. Tsamiya ce.

"Kai, ina ruwan da ke nan?"

Mai bulon, Ja'afaru sunansa, ya rage tiyon. "Wane ruwa, Baba?"

"Kogi. Nan da kake tsaye sai da gora ake wucewa."

"Au, reshen nan? Ai ya mutu tun tuni. Kachala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta toshe shi daga sama, da ya ƙafe aka cike aka yanka filaye. Babban kogin sai ka haura jingar da aka yi don tare ambaliya, da sauran tafiya. Da wannan ƙafar ba za ka kai ba. Bari in kira maka mai babur."

"Wa ya ce maka kogi za ni? Tambaya na yi."

Ya zauna kan kututturen. Gwiwar tana zogi har cikin ƙugu, harshensa ya bushe kamar fata. Ya koma hannu wofi, Babarbaren nan ya yi masa dariya daga kwance? Ko ya yarda a ɗora shi bayan babur kamar buhun albasa, a ce an ga mai fito ana nuna masa kogi? Ya daɗe yana kallon tiyon. To wai ma, ruwan da ake zuƙowa daga ƙarƙashin nan na ina ne? Ba na mashayar ba ne ya nutse? Ya miƙa jarkar, Ja'afaru ya cika masa. Da ya ga mutumin ya juya baya, sai ya dangwalo ƙasa daga gindin kututturen ya zuba a ciki ya girgiza, ruwan ya yi duhu-duhu yadda ya kamata.

Ana kiran la'asar ya shiga gidan, rigarsa ta manne da baya.

"Ga shi nan. Sai da na kori shanu kafin na ɗiba."

Zulfa ta tace a ɗankwali ta zuba a kofi, ta tallafo kan mahaifinta. Fannami ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya daɗe, sannan ya haɗiye.

"Yaya kogin?"

"Yana nan cike, har da masunta suna jefa birgi."

"A bazara."

"To, an sako ruwa daga sama."

"Tsamiyar fa?"

"Ta yi 'ya'ya har reshe yana taɓa ƙasa."

Fannami ya lashi leɓe. "Gwadabe, shekara arba'in kana yi mini ƙarya ina sha. Ban taɓa shan mai siminti ba sai yau."

Zulfa ta sunkuyar da kai. Da Gwadabe ya yi shiru da ya fi, amma ina. Haushin yinin nan duka ya taso masa.

"To laifina ne? Je ka gani da idonka. Sun cinye mashayar, sun sare tsamiyar sun mayar da ita wurin ajiye takalmi. Bulo ake bugawa a inda kake shanya kifi. Gari ya cika da mutanen da ba su san sunan kowa ba, ba inuwa, ba iska, ba ruwa, kowa ya kulle kansa a akwati yana cewa ci gaba. Ni da na…"

"Sun sare ta," in ji Fannami.

Sai a lokacin Gwadabe ya ji abin da bakinsa ya yi.

"To babu ita ke nan." Fannami ya juya fuskarsa wajen bulon da ya toshe tagar. "Da ka bar ni da ƙaryar ma."

"Babban kogin yana nan. Gobe zan kawo maka na gaske, in ban kawo ba ka canza mini suna."

Fannami ya rufe ido.

Washegari da sassafe Gwadabe ya tsaya a bakin titi da jarkar, ya wanke ta sau uku. Ya bar Napep biyu suka wuce saboda ya san iyayen masu tuƙin. Na uku baƙon ido ne, ya ɗaga masa sanda.

"Ina za a kai ka, Baba?"

"Kogi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ta wane ɓangare?"

"Inda ruwa yake. Kai dai ka sani."

Ranar kasuwa ce. Manyan motocin shinkafa sun cushe hanya, masu kifi da kwandunansu sun cinye rabin titi, aka yi ta tsayuwa ana hon. Gwadabe ya ƙudundune a kusurwa ya ja hula har gira. Da suka haura jinga sai ya ga kachala, kore shar, ta fi mutum tsawo, iya ganinka. Ta tsakiyarta kogin ya ratsa, ya rame ya koma kamar rafi, injinan ban ruwa sun zura masa baki ta ko'ina suna zuƙa.

Ya naɗe wando ya shiga. A baki-baki akwai maiƙon inji yana yawo da ledoji, don haka ya ci gaba, sanda a gaba, laka tana kama masa ƙafa, har ruwa ya kawo masa cibiya. Mai Napep yana ta kira daga tudu, "Baba, a hankali fa." Wa ake gaya wa a hankali? Nan ya nutsa jarkar can ƙasa inda sanyin yake. Ya kamfata da hannu ya kai baki. Yana nan. Ya yi rauni, akwai wani ɗaci-ɗaci da babu shi a da, amma ɗanɗanon lakar yana nan.

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Wata mota ta mutu a tsakiyar hanya, aka yi cirko-cirko rana tana hawa. Gwadabe ya rungume jarkar ya lulluɓe ta da babbar rigarsa kada ta ɗumama, yana zagin direba, da mai motar, da wanda ya yi titin.

Da suka shiga layin, ya tarar da tabarmi a ƙofar gidan Fannami, babu kowa a kai, sai takalman mata a bakin zaure. Zulfa ta fito da mayafi har goshi.

"Baba Gwadabe." Ta dubi jarkar, ta girgiza kai.

"Yaushe?"

"Da hantsi. An neme ka har bakin kasuwa. Liman ya ce da zafin nan ba za a jira ba. Yanzu suka tafi, sabuwar maƙabarta, tsohuwar an ce babu wuri."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya jingina da bango. "Ya yi magana?"

"Ya tambaye ka. Na ce ka tafi kogi. Ya ce, 'A ƙafa?' Na ce a'a, an gan ka a Napep." Ta share ido da bakin mayafi. "Sai ya yi dariya, Baba. Har sai da tari ya sarƙe shi."

Mai Napep bai tafi ba, ya ji komai. Ya tayar da inji ba tare da an ce masa ba.

Sabuwar maƙabartar fili ne fetal a bayan gari, ko ƙaya babu, amma tuni gidaje sun biyo ta har jikin katanga. Sun tarar an sa shi a kabari, an jera itace, masu haƙa suna kwaɓa ƙasar da za a toshe ramukan. Ƙasar ta ƙi haɗuwa, sai wargajewa take.

"Ruwan ya ƙare," in ji ɗayansu. "A duba ko akwai mai na leda."

Gwadabe ya ratsa mutane. Wani ya miƙa hannu zai karɓi jarkar, ya hana shi. Ya durƙusa a kan gwiwar nan da ta mutu, ya buɗe murfin, ya dinga zubawa kaɗan-kaɗan yana cuɗawa da hannunsa har ta yi laushi. Shi ya cura, shi ya miƙa, aka liƙe tsakanin itacen, aka tura ƙasa, aka yi addu'a. Wanda ya san Gwadabe ya san ba a taro ya ƙare bai ba da labarin kansa ba. Ranar har aka shafa ba a ji muryarsa ba.

Mutane suka watse suna neman inuwa. Ya girgiza jarkar, da ɗan saura, kamar cikin kofi. Ya matsa wajen kai ya tsiyaye shi duka, har lakar da ta kwanta a gindi. Wurin ya yi baƙi, faɗin tafin hannu biyu. Ya tsuguna yana kallo, rana tana cin gefe-gefen, baƙin yana tsukewa a hankali, har ya koma kalar sauran ƙasar.