An Rufe Wayar Mai Walda

...kuma gilashin da manaja ya rantse ko harsashi ba ya fasa shi, ga shi yana zubo mini a ka kamar tsakuwa. Ina durƙushe ƙarƙashin kantar shago, gwiwata a kan igiyar kwamfuta, takalmina ɗaya can bakin ƙofa. Inna, ke kika ce aikin shagon waya hutu ne, ga fanka, ga kujera. Ki zo ki ga hutu.

Rodi ne a hannunsa. Mai waldan nan ne, dogon, mai tabon ƙuna a wuya, wanda ya ɗauki waya bashi a wurinmu yana biya mako-mako. Ni na karanta masa sharaɗin: in ka makara, wayar za ta rufe kanta, ba ka kira, ba a kiranka, sai ka biya. Har dariya ya yi. "Ƙanwata, ni ko bashin gishiri ban taɓa kwana da shi ba."

Tas! Kwamfutata ke nan. Wani abu mai ɗumi yana bin kunnena... gumi ne? Ba gumi ba ne.

"Wa ya rufe? Wa ya rufe ta?"

Wa ya rufe... Ni ko maɓallin ban taɓa gani ba. Na'ura ce, can wani wuri da ban sani ba. Launi uku aka koya mana: kore mai biya ne, ruwan ɗorawa a kira shi a tuna masa, ja kuwa shi ke nan. Da ya koma ruwan ɗorawa na kira shi. Ya ce matarsa ta kusa haihuwa, kuɗin sun tafi awo da magani, a ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen mako. Na shiga wurin manaja, wallahi na shiga! Ko kai bai ɗago ba. "Kowa ma matarsa ta kusa. Ki tausaya wa ɗaya, gobe layi har titi." Na fito ina sosa ƙeya. Me zan ce? Albashina ma da yawan masu biya ake auna shi.

Rodin ya sauka a kan kantar, daidai saman kaina. Katako ya tsage. Ina ganin ƙafafunsa ta tsagar, silifa ɗaya ya tsinke, yatsunsa duk jar ƙasa... ƙasar maƙabarta ce? Wayyo Allah.

Yanzu ba da ni yake ba, da bango yake magana. Wai tun safe maƙwabciya take kiransa, jini ya ɓalle wa matar. Shi yana can yana haɗa ƙofar wani, wayar tana aljihunsa shiru kamar dutse. Kafin a samo mota, kafin a aika a nemo shi... ita da abin da ke cikinta.

Kar ki yi numfashi. Kar ki yi tari. In ya leƙo zan ce masa me? Na roƙar maka? Aka hana? Wannan magana ce da za a faɗa wa mai rodi?

Masu gadi! Sai yanzu. Kulki a ƙeya, kulki a haƙarƙari, ƙara kamar ana dukan buhu. Ya faɗi, ba su bari ba. Takalmi a baki. Haƙori ya gangaro har gabana. Ku bari... na faɗa ne ko a zuci ne? Ko kare kansa ba ya yi, Inna. Ya shimfiɗa hannuwa kamar wanda ya daɗe yana jiran a yi masa haka.

Sun ja shi waje ta ƙafa, kansa yana bugun dakali.

Manaja ya zare sakatar ofishinsa, ya fito yana gyara wuyan riga, yana tsallake jini kada ya ɓata takalmi. Gilashin ya fara dubawa, sannan ni. "Goge fuskarki. Za a ɗora masa kuɗin ɓarnar a kan bashinsa. Ungo wayata, ki ƙarasa kiran masu ruwan ɗorawa kafin a tashi."

Na karɓa, yatsana ya san hanya. Tana shiga... An ɗauka. Mace ce, da fara'arta, jariri yana kuka kusa da ita. Tana sallama. Tana sake sallama. "Wa ke magana?"

Bakina a buɗe yake, Inna. Ba abin da ke cikinsa sai ɗanɗanon jini.